Yini Guda A Kasuwar Alaba, Da Akwatin Kiɗa A Kaina

Tun ina yaro na san mahaifina da rikoda. Shekarar da aka biya ma'aikatan gwamnati kuɗin Udoji, watau 1975, shi ba ma'aikaci ba ne, fataucin goro yake yi tsakanin Shagamu da Agege da ƙasar Hausa. Amma da kuɗi suka yawaita a hannun mutane ciniki ya buɗe masa, har ya sayo wata rikoda mai cin batir shida, ya kuma fara tara kaset-kaset. Yau suna nan cike da wata tsohuwar adaka ta ƙarfe: Mamman Shata, Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya Jos, da karatun malamai. Waccan rikoda ta daɗe da mutuwa. Wadda ta gaje ta ƙanena ne ya saya masa wajen shekara ta 2000, irin ƙananan nan na ɗaki masu gida uku, uwa a tsakiya da sifika biyu dama da hagu, tana cin kaset, tana cin faifan CD, tana kama rediyo.

To, Baba ya haura tamanin da biyar, kunne ya fara nauyi. Kwanakin baya na shiga ɗakinsa na tarar ya murɗe abin ƙara murya har ƙarshe, sifika tana ta karkarwa kamar an ɗaura wa ganga tsumma, shi kuwa ya kara kunne yana yamutsa fuska. Ya dube ni ya ce, “Ina jin kiɗan, amma ba na jin abin da Shata ke faɗi.” Na ce masa in Allah ya yarda zan sayo sabuwa. Ya ce shi ba ya son sabuwa, domin na zamanin yanzu ba su cin kaset, kuma wannan kyautar ɗansa ce wanda ya riga mu gidan gaskiya. Daga nan ban ƙara cewa komai ba.

Ni a nawa wayon, maganin abin shi ne a ƙara mata ƙarfi, a kuma ƙara mata kaurin murya, wanda samari ke kira bes. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, akwai nawa son zuciya a ciki, gama ni ma ina sha'awar in ji ganga tana dukan ƙirji. Duk wanda na tambaya a unguwa amsa ɗaya ce: tafi Alaba.

Baƙon Ikko ya kula, Alaba uku ce. Akwai Alaba Suru can kusa da Mil 2. Akwai Alaba Rago, inda 'yan'uwanmu Hausawa suka shekara da shekaru suna sayar da raguna da shanu da hatsi da albasa, wadda gwamnatin Jihar Legas ta ba mazaunanta wa'adin tashi cikin 2022, daga baya kuma aka rushe sassa da dama nata. Sai ta ukun, babbar kasuwar kayan lantarki da ke Ojo, wadda aka kafa wajen ƙarshen shekarun 1970. Ita na nufa. Na kauce wa ran Alhamis, don da safiyarta ake sharar kasuwanni a Ikko, ba a buɗe rumfuna da wuri. Ran Asabar bayan asuba na naɗe uwar da bargo, na ɗaure sifikun biyu da igiya, na cusa kaset guda a aljihu, na kama hanya.

Daga Agege muka bi ta Iyana Ipaja, da Egbeda, da Igando, muka ɓullo Iyana Iba, dab da Jami'ar Jihar Legas wadda aka kafa cikin 1983. Nan hanyarmu ta haɗu da babban titin Badagari, wanda in ka bi shi har ƙarshe zai kai ka Seme, bakin iyakar Jamhuriyar Benin. Wannan titi yana cikin sirrin arzikin Alaba, domin ta kansa kaya ke shigowa daga tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, ta kansa kuma suke fita zuwa Kwatano da Lome da Ankara. Na sake wata danfo zuwa tashar da ake kira Volks. Sunan ya samo asali ne daga masana'antar Volkswagen da aka buɗe a nan cikin 1975, inda aka riƙa harhaɗa motar nan mai kama da kunkuru. An daɗe da daina yin kunkurun, amma kwandasta bai daina kiran sunan ba. Daga Volks sai Keke Napep, ka ratsa cunkoso, kaya a cinya.

Kunne ne ke fara isa Alaba kafin ido. Tun kana nesa za ka ji ƙasa tana amsawa a tafin ƙafarka. Kowane mai rumfa ya fito da manyan sifiku bakin ƙofa ya jera kamar buhunan gero, ya saki kiɗa don ya nuna tasa ta fi ta maƙwabci. Wannan ya sa waƙar coci, na kusa da shi ya sa fuji, na gaba ya sa waƙar samarin zamani, ƙarƙashin duka kuwa ga gurnanin janareto ɗari bisa ɗari. Mutum biyu na ciniki, bakin wannan a kunnen wancan. Na ga wata mai sayar da lemo tana barci a kan benci, tsakaninta da sifikar da ta fi ta tsawo bai kai taku uku ba. Allah mai iko.

Kasuwar gari ce sukutum. Akwai layin talabijin, akwai na firji da fanka, akwai na waya da soket da ƙwan lantarki, akwai na fitilun ado waɗanda ke rataye kamar inabi, akwai na kayan kiɗa, akwai bankuna, akwai masu abinci. Benaye hawa biyu da uku, ƙasa kanti, sama ma'aji. Tsakanin layukan 'yan dako ne ke kai da kawowa, da yawansu yaranmu ne na Arewa da na Nijar, wani da firji a ka, wani da baro an lafta masa kwali har ba ya ganin gabansa, sai ihu yake a ba shi hanya. Mafi yawan masu rumfunan Ibo ne, kuma kusan kowannensu da yaro ya fara. Al'adarsu ce a ɗauko yaro daga ƙauye ya yi wa ubangida barance shekara biyar, ko shida, ko bakwai, yana shara, yana dako, yana koyon ciniki, ranar da wa'adi ya cika a sallame shi da jari ya buɗe tasa rumfar, shi ma ya aika gida a kawo masa yaro. Haka kasuwar ta yi ta haihuwar kanta. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Holan, Rem Koolhaas, ya zo da ɗalibansa na Jami'ar Harvard wajen shekara ta 2000 suka yi nazarin Ikko, Alaba na cikin wuraren da suka fi ɗaukar hankalinsu. A shekarun da suka biyo baya kuma nan ce cibiyar buga faifan waƙa da na fim, na halal da na sata, har mawaƙa da 'yan fim suka yi ta kuka da ita, kafin wayar hannu ta zo ta karya cinikin faifai.

Ban yi taku ashirin ba 'yan kamasho suka yi mini caa. Wannan ya ja hannun riga, wancan ya kama igiyar sifika, kowa na cewa, “Alhaji, zo nan, Alhaji, me kake nema?” Na bi wani zuwa wani kanti mai ƙyalli. Mai kantin ya ɗaga bargo ya leƙa kayana, ya yi dariya, ya ce wannan ai ta kakanni ce, a jefar. Ya nuna mini wata sabuwa mai fitilu ja da kore suna wilƙawa, an manna mata takarda an rubuta wat 5,000. Ya kunna, gilashin kanti ya ɗauki rawa. Gaskiya zuciyata ta raya mini in saya. Abin da ya cece ni shi ne ba ta da wurin kaset. Da ya ga zan fita sai ya sauko, ya ce to in sayi manyan sifiku biyu in haɗa su da nawa a waya ɗaya, ƙara za ta ninku. Na ce bari in zaga in dawo.

Wani ɗan dako Bazabarme, da na ba shi kayan ya ɗauka, shi ya ce mini, “Baba, in gyara kake so ba saye ba, sai can baya.” Muka ratsa ta wani lungu mai kwata, muka wuce inda ake sauke kwantenar kayan gwanjo, waɗanda Yarabawa ke kira tokumbo. A nan ne ake sayar da kaya iri biyu, wanda aka gwada da wanda ba a gwada ba. Na biyun ya fi araha, amma caca ce: ka biya, ka ɗauka, in ka je gida ya ƙi tashi, kai da Allah. Bayan rumfunan kuwa ga tsibin gawawwakin talabijin da kwamfuta, yara na fasa su suna cire jan ƙarfe. Tun cikin 2005 wata ƙungiya ta Amurka mai suna Basel Action Network ta ba da rahoto cewa babban kaso na tsofaffin kwamfutocin da ake jibgewa a Ikko shara ce kawai, ba su gyaruwa. Wanda ya tsaya a wurin minti biyar ba ya bukatar a karanta masa rahoto.

Mai gyaran da aka kai ni wurinsa dattijo ne, Ibo, da furfura da tabarau an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Rumfarsa ba ta fi ɗakin kaji girma ba, sama da ƙasa duk cikin rediyo ne. Na fara kame-kamen broka, sai ya ce da ni da Hausa tsantsa, “Malam, sannu da zuwa, zauna ka huta.” Ashe a Sabon Garin Kano aka haife shi, a can ya koyi gyaran rediyo. Muka gaisa, ya tambayi mutan gida, ya sa yaronsa ya kawo mini ruwa, sa'an nan ya ce me ke tafe da ni. Na ce, “Oga, so nake a ƙara mata ƙarfi da bes.” Na kuma ba shi labarin mai wat 5,000.

Bai ce uffan ba. Ya juya uwar ya nuna mini wata 'yar takarda a bayanta, inda aka rubuta wutar da take ci daga bango: wat 70. Ya juyo gabanta, ga tsohuwar takardar talla ta kamfani: wat 1,200, da haruffa P.M.P.O. Ya ce, “Malam, kai ɗan kasuwa ne. Wanda ya auno mudu saba'in, yaya zai sayar da mudu dubu da ɗari biyu?” Ya ce waɗannan haruffa huɗu ba su da wani ma'auni da aka yarda da shi, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Ma'aunin da mutum zai dogara da shi shi ne wanda ake rubuta R.M.S., watau ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore ba tare da murya ta dagule ba. A lissafinsa tawa ba ta wuce wat 20 kowane gefe ba, kuma ya ce wannan ya ishi ɗakin Baba har da saura.

Daga nan ya shiga karantar da ni, yana aiki yana magana, ni kuwa na zama ɗalibi. Abin da na riƙe, na kuma bincika daga baya na tarar haka yake, ga shi. Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni mai suna desibel. In ka ninka wat sau biyu, daga 20 zuwa 40, desibel 3 kacal ka ƙara, abin da kunne zai ce an ɗan taɓa. Kafin kunne ya yarda cewa ƙara ta ninku, sai an ƙara wajen desibel 10, watau wat ya ninku sau goma, daga 20 zuwa 200. Don haka mai sayen amfilifaya ta wat 40 don ya maye ta wat 20 ya yi asarar kuɗinsa. Sau da yawa sifikar ce ke yanke hukunci. Wata in ka ba ta wat ɗaya za ta ba ka desibel 85, wata kuwa 91, kuma wannan tazara ta 6 daidai take da ninka amfilifaya sau huɗu, ba tare da ka ƙara ko sisin wuta ba.

Shawarar mai kantin farko kuwa, ta a haɗa sifiku huɗu, da na faɗa masa sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya riƙe baki. Ya nuna mini inda aka rubuta om 6 kusa da maƙalin waya. Om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta. In ka haɗa biyu masu om 6 a maƙali ɗaya, jan waya da ja, baƙa da baƙa, sun koma om 3, sai su riƙa zuƙar wuta ninkin abin da aka gina uwar ta bayar. Za ta yi zafi, in tana da mai tsaro a ciki ta kashe kanta, in babu ta ƙone. Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur cike da ƙonannun ayisi, ya ce rabin abincinsa daga masu bin wannan shawara yake fitowa.

Batun bes shi ya fi daɗe a kai, ni ma shi na fi jin daɗi. Sauti iska ce ke rawa. Kunnen yaro lafiyayye yana kama rawar da ta kama daga sau 20 a daƙiƙa har zuwa sau 20,000. Ta ƙasa ita ce kaurin tambari da rugugin hadari, ta sama ita ce zaƙin sarewa da ƙarar kuge. Sauti na tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa, saboda haka igiyar muryar da ke rawa sau 50 tsawonta ya kusa mita 7, ya fi ɗakin Baba tsawo, alhali mai rawa sau 10,000 ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Ai ka ga, mai son ya tura igiya mai tsawon mita 7 tilas ya ture iska mai yawa. Faifan sifikata inci 5 ne. Na inci 12 ya fi shi faɗin fuska kusan sau shida. In kuwa ƙaramin zai yi aikin babban, sai ya riƙa fita da komawa da nisa ƙwarai, kuma duk lokacin da aka sauka rabin rawa, daga 100 zuwa 50, nisan nan sai ya ninku huɗu kafin ƙarar ta tsaya yadda take. Wannan ne dalilin da ya sa maɓallin ƙara bes da ke gaban irin waɗannan na'urori yake da daɗi in murya na ƙasa-ƙasa, amma in an murɗe sai ya zama ɓarna. Maƙeran ganga na ƙasarmu sun san wannan tun kafin a haifi lantarki. Ba wanda ya taɓa neman muryar tambari a jikin kuntuku.

Akwatin ma da aikinsa. Faifan sifika in ya tura iska ta gaba, ta baya janyewa yake yi, in ba a raba su ba sai su cinye juna, kaurin ya ɓace. Akwatin ne ke raba su. Wani rufaffe ne ruf, irin wanda Edgar Villchur ya fito da shi a Amurka cikin 1954. Wani kuma, kamar nawa, yana da rami da bututu wanda aka auna tsawonsa da faɗinsa don ya taya faifan a muryar ƙasa. Lissafin wannan awo wani injiniya na Ostareliya, Neville Thiele, ya shimfiɗa shi cikin 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi farkon shekarun 1970. Saboda haka mai cire ƙaramin faifai ya yanka katako ya cusa babba a akwatin da ba nasa ba, sau da yawa ƙugi yake samu, ba kauri ba.

Duk wannan karatu yana yi ne yana kwance sifikuna. Da ya cire ragar gaba, sai ga abin kunya. Soson da ke zagaye da bakin faifan, wanda ke riƙe shi yana kuma toshe iska, ya ruɓe, yana marmashewa kamar tsohon burodi. Ya ce zafi da raɓar Ikko ba su barin soso ya wuce shekara goma sha biyar ko ashirin. Wannan ce karkarwar da nake ji. Ya ɗauko ƙaramin batir na tocila ya taɓa wa wayoyin sifikar dama, faifan ya zabura waje. Ya taɓa wa ta hagu yadda na saba maƙala ta, ya shige ciki. Ashe tun ranar da aka yi fentin ɗaki na mai da wayoyin a juye, ɗaya na turawa ɗaya na ja, suna kashe kaurin juna. Shekara biyu ke nan, kuma aikin hannuna ne. Yaron shagon ya juya baya yana dariya.

Can sai ya tambaye ni, “Wai wa zai saurara, kai ko wani?” Na ba shi labarin Baba, na maimaita masa abin da ya ce, yana jin kiɗa ba ya jin magana. Dattijon ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, “Malam, ai ka zo neman abin da ba shi ne ciwon ba. Tsoho ba kauri yake rasawa ba, zaƙi yake rasawa.” Gaskiya ce kuwa, likitocin kunne ma haka suka ce: nauyin jin da tsufa ke kawowa daga muryoyin sama yake farawa. Haruffa irin su sa, da sha, da tsa, da fa, da ka, waɗanda su ke bambanta kalma da kalma, a sama suke zaune. In sun tafi, mutum zai ji ana magana amma kamar daga bayan bango. In ka ƙara masa bes, ka ƙara tulin abin da zai binne ɗan sauran da yake ji.

Ya sa mita ya auna 'yan ƙananan sifikun sama, masu fitar da zaƙin. Ta hagu ta ƙone ƙurmus. Ya ce murɗewa har ƙarshe ce ta kashe ta, domin ƙaramar amfilifaya in aka matsa mata fiye da ƙarfinta, sai ta riƙa yanke kan igiyar sautin, ta aika wa 'yar ƙaramar da wutar da ba ta iya ɗauka. Watau Baba yana ƙara murya don ya ji magana, ƙarin kuma yana kashe abin da ke fitar da maganar. Ya buɗe gidan kaset, ya nuna mini kan ƙarfen da zaren ke gogawa, ya yi jawur da tsatsar kaset ta shekaru. Zaren kaset santimita 4.76 kacal yake tafiya a daƙiƙa, saboda haka ɗan datti kaɗan, ko ɗan karkacewar kan, zaƙin ne farkon abin da zai salwanta. Ya goge shi da auduga da sifirit, ya sake bel, ya ce in kawo kaset ɗin da ke aljihuna. Ya sa Bakandamiya, ya ɗauki siririn sukuddireba yana juya wani ɗan ƙusa a gefen kan, kaɗan-kaɗan, kunnensa a karkace. Ina tsaye na ji muryar Shata tana fitowa daga cikin hazo har ta tsaya tar a gabana. Wani ɗan dako da ke wucewa da kwali a ka ya ja birki a ƙofar rumfa, bai tafi ba sai da aka kira shi sau biyu.

Sabon soso sai da gam ya sha iska, don haka na sami sa'a biyu na zagawa. Na yi sallar azahar a wani ɗan masallaci da 'yan dako da masu canji suka nuna mini, na ci shinkafa da wake a wurin wata mata, na dawo ta layin gwanjo. A nan son zuciyata ya sake motsawa. Na ga akwatin bes mai amfilifayarsa a ciki, wanda suke kira ufa, na yi ciniki har mun kusa shiryawa, sai na ce bari in kira Oga ya gani. Ya zo ya juya bayansa ya nuna mini: bolt 120. Kayan Amurka ne. Na Japan ma bolt 100 ne, mu kuwa wutarmu 230 ce. In ka soka shi a bango ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, hayaƙi za ka saya. Ya zaɓar mini wani mai faifan inci 8, na wutar ƙasarmu, mai maƙalin da ke karɓar waya daga inda sifiku ke fita, tun da uwata ba ta da ramin ufa na musamman. Irin wannan ba ya ɗora wa uwar kaya, sigina kawai yake ɗauka, ƙarfin nasa ne. Aka gwada shi a gabana, aka rubuta mini rasit. Kuɗinsa ya ninka na gyaran duka sau uku.

Kafin mu rabu ya yi mini gargaɗi uku ko huɗu, ina ɗaure kaya yana faɗa. Ufa a ƙasa kusa da bango, in an matsa shi lungu kaurin zai ƙaru kyauta, in ya yi yawa a jawo shi. Sifikun biyu a sauko da su daga kan kabad, a sa su daidai kunnen Baba in yana zaune, suna fuskantarsa, domin zaƙi miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, ba ya kewaya. A kuma matso da su: in ka rage nisa da rabi, abin da ke isa kunne kai tsaye yana ƙaruwa da wajen desibel 6, ba ka biya ko kwabo ba. Kada a wuce rabin abin murɗawa. Ya ce kuma in kai tsoho asibiti a duba kunnen, wani lokaci dauɗa ce kawai ta toshe, wani lokaci na'urar ji ake bukata, shi rediyo yake gyarawa ba mutum ba. Na tambaye shi nasa kunnen fa, shekara arba'in a cikin wannan hargowa. Ya yi murmushi ya juyo mini na dama, ya ce in sake faɗa ta nan. Masana lafiyar ma'aikata sun ce desibel 85 sa'a takwas ne iyakarsa a yini, kuma kowane ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi. Layin sifiku na Alaba ya wuce nan nesa.

Na isa Agege bayan isha'i, cunkoson Igando ya cinye mini sa'a uku, ufa a cinya, ƙafa ta yi sanyi. Washegari da hantsi na haɗa komai yadda aka ce, ja da ja, baƙa da baƙa, na duba sau biyu. Na ɗora sifikun a kan kujeru biyu, taku uku daga buzun Baba. Na sa kaset ɗin, na tsai da abin murɗawa bai kai rabi ba, na buɗe ufa yadda raina ke so. Kwanukan da ke kan kabad suka fara amsa amshi. Ba a yi minti biyu ba maƙwabciyarmu, wadda bango ɗaya ya raba mu, ta aiko yarinya ta tambaya ko biki ake yi, jaririnta ya farka.

Baba bai ko dubi yarinyar ba. Ya ɗaga hannu ya nuna baƙin akwatin da ke lungu, ya ce, “Kashe mini wannan tsawar, tana danne shi.” Na miƙa hannu na kashe abin da ya ci kashi uku cikin huɗu na kuɗina. Sai muryar ta rage ita da kalangu da 'yan amshi. Ya gyara zama, ya jingina da bango, leɓɓansa suka fara motsi tare da waƙar, baiti bayan baiti, ba ya kuskure ko ɗaya. Da gefen farko ya ƙare ya ce in juya, in kuma jawo masa adakar kusa, akwai wani na Ɗanƙwairo da yake nema, mai jan rubutu a bayansa.

Ufan yana ɗakina yanzu, a ƙasan gado. Asibitin kunne kuwa sun ba mu ran Talata.